Tambayoyin da iyaye ke yi min kan koya wa yara kiɗa da waƙa a nan Gadarif ta Sudan

Assalamu alaikum jama'a. Wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya a WhatsApp, yau wannan uwar ta tambaya gobe wancan baban ya sake dawo da ita, shi ya sa na ce bari in zauna in tattara su wuri guda, duk mai tambaya sai in tura masa ya karanta abinsa. Ga wanda bai san ni ba, ni malamar firamare ce, a Madani na yi aikina har watan Disamba 2023 da yaƙi ya iso muka kwaso 'yan komatsanmu kamar kowa muka sauka nan gidan kawuna. Makarantu a rufe a lokacin, hoshi, wato tsakar gida, cike da yara, namu da na baƙi da na maƙwabta, daga faɗa sai kuka sai rigimar wa zai riƙe waya. Ba wani tsari na zauna na yi ba, wata la'asar ce kawai abin ya ishe ni na ɗauko baho na zuba ruwa na kife ƙwarya a ciki na fara bugawa yadda kakarmu ke yi, kafin in ɗago kai sun zagaye ni sun yi tsit. Yanzu sau uku a sati muke zama ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, bayan la'asar.

Malama wai mene ne wannan "cikakken koyon kiɗa" da kike ta faɗa? Ba buga ganga ba ne kawai?

A'a Hajiya, ganga ɗaya ce daga ciki, kuma ma ba da ita ake farawa ba. Abin da nake nufi yaro ya shiga abin da duk jikinsa, kunne na saurare, baki na rerawa, hannu na tafi, ƙafa na taku, ido na kan ɗan'uwansa don kar ya riga shi ko ya makara, sannan a bar shi shi ma ya ƙago nasa ko da baiti ɗaya ne. Ba wai a zaunar da shi gaban orgun, wato fiyanon lantarki, shi kaɗai a ce danna nan danna can ba.

Kuma fa in kin duba ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ki tuna gaɗa. Yarinya a dandali tana ba da waƙa, sauran na amshi suna tafi, ta saki jiki ta faɗa baya su cafe ta su cilla ta, in layi ya zo kan wata dole ta sako nata nan take ba wani bari in yi tunani. Duk abin da na lissafa yana cikin wannan wasan, har da yarda da mutane, don ba ki faɗawa baya sai kin amince za a tare ki. Haka lugude, mata uku a turmi ɗaya kowace taɓarya ta san lokacin saukarta, in ɗaya ta kuskure a ji ƙwas.

Turawa ma sai da suka gaji da zaunar da yaro gaban takarda suka biyo wannan hanyar. Dalcroze a birnin Janeba ya ga ɗalibansa sun iya karanta rubutun kiɗa amma ba sa jin sa a jiki, sai ya tashe su tsaye ya sa su taku daidai da sauti. Carl Orff a Jamus da magana da tafi da buga cinya yake farawa kafin a taɓa wani kayan kiɗa. Kodály a Hangare tun 1905 yake bin ƙauyuka yana tattara waƙoƙin manoma, shi a wurinsa murya ce farko, kuma a fara wa yaro da waƙar harshen da ya sha a nono. Suzuki a Japan ya lura kowane yaro na iya yaren gidansu ta ji da kwaikwayo tun bai san harafi ba, ya ce to kiɗa ma a bi da shi haka. Su sun rubuta nasu sun sa masa suna, mu namu muka bar shi a dandali, dandalin kuma ya mutu.

Yaya, yarana kullum cikin jin waƙa suke a waya. Ba shi ke nan ba?

Ƙanwata gani ba ci ba ne. Ki tsaya gaban mai agashe daga magariba har isha'i kina shaƙar hayaƙi ki ga ko za ki ƙoshi. Mai saurare abu ɗaya yake yi, shi kuwa mai bugawa sai ya ji sautin, ya hango inda bugu na gaba zai faɗo tun bai zo ba, ya aika hannu, ya ji ko ya dace, in bai dace ba ya gyara, duk wannan cikin ƙiftawar ido kuma sau ɗaruruwa a waƙa ɗaya. Wannan aikin ne ke horar da shi.

Akwai wani bincike da Robin Dunbar na jami'ar Okasfod da abokan aikinsa suka fitar a 2012, sun gwada juriyar ciwo a jikin mutane bayan sun rera waƙa ko sun buga ganga ko sun yi rawa, sai suka ga juriyar ta ƙaru, amma waɗanda suka zauna suna saurare kawai ba ta ƙaru ba. Duk wanda ya taɓa yin gayya ana masa gangar noma, ko macen da ta niƙa mudu biyu a dutse tana waƙa, ya san wannan tun kafin a gwada. Ban ce sauraro ba shi da amfani ba, ni ma ina ji in ina wanki, amma kar a haɗa su.

'Yata, ba kya tsoron Allah? Kiɗa ba haramun ba ne?

Baba wannan ita ce tambayar da ta fi yawa kuma ba na jin haushinta ko kaɗan, haƙƙinka ne ka tambayi abin da ake koya wa jikanka. Fatawa ta malamai ce, ni abin da zan faɗa maka shi ne yadda maganar take da kuma yadda nake yi.

Malamai sun yi saɓani tun da daɗewa. Da yawa daga malaman mazhabobi sun tsananta kan kayan tsirkiya da na busa. Ibn Hazm na Andalus ya halatta, Imam Gazali kuma ya yi dogon bayani kan sauraro ya halatta shi da sharuɗɗa. Amma ko masu tsanantawar sun yarda da duffi a biki da ranar idi, saboda hadisin da ke Buhari da Muslim na 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Annabi (SAW) ya ce a bar su. A ƙasar nan kuwa kai ka fi ni sani, madihu da tar, wato irin bandirin nan, kusan a kowace unguwa, noba ta zikiri da ganguna ranar Juma'a a Hamad Nil a Omdurman kafin yaƙi, maulidi ba a magana. Can Kano 'yan Kadiriyya da bandiri suke zikiri. Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙa ta karantar da matan karkara, jajis su haddace su koma su koya wa 'yan taru, don ta san abin da aka rera ya fi zama a kai. Akwai kuma malamanmu da ba su yarda da ko ɗaya daga ciki ba in ban da murya zalla, su ma da hujjarsu.

To ni ga yadda na raba. Akwai yaran da iyayensu suka ce murya da tafi kawai, ina riƙe musu wannan amanar, ba na miƙa musu komai. Akwai waɗanda aka yarje musu tar da daluka, wato gangar matan nan, da ƙwarya. Kalmomin waƙa ni nake tacewa, ba batsa ba habaici ba zagin ƙabilar kowa, da an kira salla kuma an tashi ko da a tsakiyar baiti ne. In bayan duk wannan zuciyarka ba ta kwanta ba Baba, ka riƙe jikanka a gida, wallahi gaisuwarmu ba za ta canja ba.

Malama ni tsorona kar ɗana ya zama maroƙi. Mu gidanmu ba a gāji haka ba.

Na gane sarai. A al'adarmu kiɗa sana'ar gado ce, makaɗan fada daban, na noma daban, na mahauta da kalangunsu daban, kuma ɗan malam ko ɗan sarauta ba ya taɓa ganga, wasu gidajen ko aure ba sa bayarwa. Iyayenmu da suka biyo hanyar hajji suka zauna a ƙasar nan, da waɗanda suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mayurno kusa da Sinnar, da wannan tunanin suka zo, yana nan bai tafi ko'ina ba.

Amma Alhaji roƙo daban, iya kiɗa daban. Yaronka kullum yana buga ƙwallo a fili, ka taɓa jin tsoron gobe Hilal ko Marik za su zo su ɗauke shi? Kana barinsa ne don jikinsa ya yi ƙwari ya saba da mutane. A zamanmu ba liƙi, ba kirarin mai kuɗi, ba a yabon kowa don ya ba da wani abu, na hana tun ranar farko.

In kuma Allah Ya sa a cikin ɗari aka samu ɗaya mai baiwa ta gaske, to mu tuna A'isha Falatiya. 'Yarmu ce, a Kasala aka haife ta, mahaifinta malami ne kuma bai so waƙarta ba sam, a halwarsa, wato makarantarsa ta allo, ta yi karatun Alkur'ani. A 1942 ita ce mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Omdurman, 'yar'uwarta Jidawiyya na kaɗa mata ud, wato molon Larabawa, ita A'ishar ta rasu a 1974. Yau in ana gardamar ko mu 'yan ƙasa ne, sunanta na cikin na farko da muke jawowa, har waɗanda da a zamaninta suke da ba za su bari 'yarsu ta gaishe ta ba. Wannan abin yana ba ni dariya yana kuma ba ni haushi.

Ustaza gaskiya ne kiɗa na ƙara wa yaro ƙwaƙwalwa, ya iya lissafi?

Nan zan ɓata wa wasu rai. An zuzuta maganar nan fiye da kima. Asalinta a 1993 wasu masu bincike a Kalifoniya suka sa ɗaliban jami'a 36 suka saurari kiɗan Mozart na minti 10, suka ɗan fi ƙoƙari a wani gwaji na juya siffofi a kai, abin kuma ko minti 15 bai wuce ba ya gushe. Ɗaliban jami'a fa, ba jarirai ba. Amma kafin ka ce kwabo an mai da shi kasuwa, har gwamnan jihar Jojiya a Amurka ya nemi a 1998 a riƙa ba kowane jariri faifan kiɗa.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne na Schellenberg a Kanada a 2004. Yara 144 'yan shekara 6 aka raba huɗu, wasu fiyano, wasu rera waƙa, wasu wasan kwaikwayo, wasu ba komai, aka yi sati 36. 'Yan kiɗa da waƙa sun fi sauran ƙaruwa a gwajin basira da maki kusan 3. Uku kacal. Kuma 'yan wasan kwaikwayon ne suka fi gyaruwa wajen mu'amala. A 2020 Sala da Gobet suka tattara bincike masu yawa suka ce in aka yi gwajin da kyau aka kwatanta da yaran da su ma ake koya musu wani abin daban, ƙarin da ake cewa kiɗa na yi wa lissafi da karatu kusan babu shi. Wasu masanan ba su yarda da su ba, gardamar na nan.

To ni ba zan ce miki ki kawo ɗanki ya ci jarrabawa ba, in lissafi kike so a zaunar da shi a koya masa lissafi. Abin da ba a gardama a kai shi ne mai yin kiɗa kunnensa na kaifi wajen rarrabe sauti, hannunsa na saituwa, yana koyon jira. Sai kuma zama da mutane, a Laifzig ta Jamus a 2010 Kirschner da Tomasello sun sa yara 'yan shekara 4 wasa bibbiyu, wasu da waƙa da taku tare wasu ba waƙa, bayan nan da kayan wasan ɗaya suka zube, waɗanda suka yi waƙa tare sun fi tsayawa su taimaka. Wannan kam ina ganinsa da idona, yaran da suka yi amshi tare ba su cika tashi da dambe ba, a ranar dai.

Daga shekara nawa ake farawa?

Kin riga kin fara tun yana goye, waƙar raino da jijjiga ai su ne darasin farko. A wurina daga shekara 4 nake karɓa, ƙasa da haka sai in uwar za ta zauna. Ana yawan cewa wanda ya fara kafin shekara 7 hannunsa ya fi faɗawa, akwai bincike a kan haka, amma wannan maganar masu son zama gwanaye ce. Ɗan shekara 13 ma ya zo.

Anti ba mu da kuɗin orgun, a halin da ake ciki ko na kisrar da za mu ci da ƙyar.

Wa ya ce a sayi orgun? Ni kaina ba ni da shi, ko da akwai ina kahrabar da za a jona. Ga kayanmu: jarka wadda ta fashe ba ta riƙe ruwa, gindinta sauti mai kauri gefenta siriri. Ƙwarya a kife a ruwa, in ka ɗan ɗaga ta ka sake mata iska muryarta ta canja. Gwangwanin madara da tsakuwa a ciki ya zama caki. Karan dawa kuwa a Gadarif sai dai ka gaji da ɗiba, yaran da kansu suke fafe shi su yi sarewa. Kwalabe biyar a zuba musu ruwa wani ya fi wani, a jera a buga da cokali. Muna da daluka ɗaya ta yumɓu da wata maƙwabciya ta ba mu aro, in fatar ta saki sai a shanya ta a rana ko a kara ta kusa da garwashi ta ɗaure, sai shantu biyu da wata tsohuwa ta taho da su tun daga Mayurno a ƙullin kayanta, ta bar tukwane ta ɗauko shantu, 'ya'yanta har yau suna mata tsiya.

A Benezuwela José Antonio Abreu da matasa 11 ya fara koyar da kiɗa a wani garejin mota a 1975, abin ya zo ya game ƙasar har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Ban ce za mu zama su ba, su gwamnati ta zuba musu kuɗin fetur, mu jarka gare mu.

Ɗiyata ba ta da murya, in ta rera kowa dariya yake.

Ku daina dariyar tukuna, ita ce babbar mushkilar. Waɗanda aka haifa da gaske ba sa rarrabe hawa da saukar sauti kaɗan ne ƙwarai, kuma yarinyar da ke jin bambancin kuka na hawaye da kuka ta miya in an faɗa, kunnenta lafiya lau. Yawanci ba a saba ba ne, ko an ɗauko mata waƙar a sama inda muryarta ba ta kai. Ni sai in saurari inda take in sauko in same ta can, mu tafi tare. Ni ma a makaranta wata malama ta taɓa ce min in riƙa motsa baki kawai kar in fitar da murya ranar da baƙi za su zo, sai da na shekara kusan goma ban rera a gaban mutum ba.

Da Hausa kuke yi ko da Larabci? Nawa yaran Hausarsu ta gudu.

Da duka biyun, amma na fi ba Hausa ƙarfi da gangan, don Larabci ba ya buƙatar taimakona, yana titi yana makaranta yana talabijin. Yaranmu da yawa, musamman waɗanda suka tashi a Hartum da Madani, suna ji amma ba sa mayarwa, ka yi musu Hausa su amsa da Larabci, wasu ma kunya suke ji kar a ce musu wani abu a waje. Amma ka ba su amshi su talatin a tare, ba wanda ke jin kunya, kalmar ta shige ba su sani ba. Wani yaro kwanaki ya tambaye ni mene ne kuka a cikin wata waƙar daka, na ce tabaldi mana, ya ce au, shi duk zatonsa matar kuka take yi.

Kuma wannan kuskuren nasa shi ne dalilin da ya sa waƙa ta dace da harshenmu. Hausa da karin sauti take tafiya, wuya na jiki da wuya ta wahala baƙaƙensu ɗaya, hawa da saukar murya ne ya raba su. Shi ya sa kalangu ke magana, makaɗi na matse tsarkiyar a hammata fatar ta ɗaure sauti ya hau, ya saki ya sauka, mai jin Hausa ya gane abin da aka ce. Yaron da Larabci ya rinjaye shi karin ne ke fara zube masa, waƙa kuwa dole ta sa shi ya hau inda ake hawa.

Wani abin daɗin kuma, waƙar Sudan a kan sauti biyar take tafiya, abin da masu kiɗan nan ke kira sullam humasi, ba irin ta Masar da Sham ba, kuma yawancin waƙoƙinmu na gargajiya ma haka suke, haka na Habasha maƙwabtanmu. In kin ga orgun, baƙaƙen maɓallan nan kaɗai in aka bi su za su ba ki irin wannan tsanin. Shi ya sa yaro ke tsallakawa daga waƙar gaɗa zuwa ta daluka ba tare da ya ji ya canja gida ba.

Malama tun da muka fito ɗana ko ƙofa aka buga sai ya firgita. Ganga ba za ta ƙara masa ba?

Za ta iya, kuma na yi wannan kuskuren. A satin farko na buga jarka da ƙarfi ba gargaɗi, wani yaro ɗan shekara 6 ya ruga ya shige ƙarƙashin angarib, wato gadon igiya, sai da uwarsa ta zo ta lallaso shi. Ban yi barci ba ranar. Tun daga nan duk sabon zuwa sai na tambayi uwar daga ina suka fito, me ya gani, sannan da murya ƙasa-ƙasa muke farawa da tafi da yatsa biyu.

Abin da na lura, ƙarar da ta faɗo wa yaro daga sama daban take da ƙarar da shi ya yi da hannunsa. Tun 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke yaran nan ƙara ke zo musu ba shawara. In ka miƙa masa ƙwarya ka ce kai ne mai cewa a fara kai ne mai cewa a tsaya, ya ɗaga hannu yara ashirin su yi tsit, fuskarsa canjawa take. Shi wancan yaron na angarib wata biyu yana zaune a gefe yana kallo, ban matsa masa ba, yanzu caki ne a hannunsa, jarka dai har yau a'a. Rera waƙa kuma na tilasta jan numfashi a sake shi a hankali, wannan kansa na kwantar da bugun zuciya. Hukumar lafiya ta duniya ta fitar da rahoto a 2019 da ya duba rubuce-rubucen bincike sama da 900 kan amfanin fasaha irin su kiɗa da zane ga lafiya, har da lafiyar zuciya da tunani.

Amma Hajiya don Allah ki ji ni da kyau, ni ba likita ba ce kuma wannan ba magani ba ne. In yaro ya daina magana, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko kullum da mugun mafarki yake tashi, a kai shi wurin ma'aikatan lafiya, ya zo wurinmu kuma in yana so.

To ya zaman naku yake, me kuke yi takamaimai?

Awa ɗaya ba ta cika ba. Da'ira muke yi a tsaye, a gaisa da waƙa kowa a kira sunansa ya amsa, ko mai kunya dole a ji muryarsa sau ɗaya. Sai taku, dama hagu dama hagu har ƙafafu su zama ɗaya, wannan kaɗai yakan ci minti goma in sababbi sun yi yawa. Sai in tafa wani salo su maimaita, in ƙara masa tsawo su maimaita, daga nan in ce wa zai ba mu nasa. Sannan bayarwa da amshi, yau ke ce zabiya gobe wata. Wurin da na fi so shi ne in na raba su gida biyu ko uku, waɗannan na riƙe da bugu mai kauri, waɗancan na cusa nasu a tsakani, kowa ya riƙe nasa kar na kusa ya ja shi, farkon yi rikicewa suke a fashe da dariya, ranar da ya zauna kuwa su da kansu suke jin ya zauna ba sai na faɗa ba. Muna da wasan shiru, ana cikin bugawa in dunƙule hannu kowa ya ci gaba da ƙirgawa a zuci sai mu dawo tare. Ranar Alhamis su ke ƙago waƙa, an yi ta layin ruwa, an yi ta raksha mai ƙafa uku, an yi ta sauro, ta sauron ce ta fi karɓuwa. Mu rufe da wata mai sanyi a zaune kafin magariba.

Ba zai hana su halwa da bitar makaranta ba?

A'a, na zaɓi lokacin ne bayan na zauna da malamin halwar unguwa muka duba. Wanda bai je halwa ba ranar ba ya zama a da'irata, yaran sun sani, su suke kai ƙarar juna ma.

Za ki koya musu rubutun kiɗa irin na Turawa?

Manyan ina ɗan nuna musu, amma sai abin ya zauna a kunne da jiki tukuna, kamar yadda ba a ba jariri allo kafin ya iya cewa mama. Da tsakuwa muke farawa a ƙasa, babba bugu mai tsawo ƙarama gajere, gurbi kuma shiru, su jera nasu wani ya karanta ya buga. Wanda ya girma yana so ya yi nisa akwai hanya, tun 1969 aka buɗe babbar cibiyar koyon kiɗa da wasan kwaikwayo a Hartum, daga baya ta koma kwaleji a ƙarƙashin jami'ar Sudan ta kimiyya da fasaha, ƙwararru da yawa na ƙasar nan can suka fito.

Ƙarar ba ta cutar da kunnensu? Maƙwabta fa?

Jarka da ƙwarya a fili ba su kai nan ba. Abin da ya fi ba ni tsoro sifikun biki da ake zaunar da yara a gabansu, da abin kunnen nan da suke cusawa su ƙure. In sai kin ɗaga murya kafin wanda ke kusa da ke kamu ɗaya ya ji ki, ƙarar ta yi yawa, ki janye yaron. Maƙwabta kuwa na bi su gida-gida kafin mu fara, in akwai mara lafiya ko rasuwa a layin ba ma bugawa, murya kawai ko mu ɗaga.

Nawa ake biya, kuma me zai zo da shi?

Ba a biyan komai. Asabar, Litinin da Alhamis bayan la'asar. Ya zo da ruwan shansa da kofinsa don namu ba sa isa, in akwai fasasshiyar jarka ko gwangwani a gida a haɗo shi da ita, waya kuma a bar ta a gida don Allah. Iyaye mata masu son zama bismillah akwai tabarma, amma duk wadda ta zauna za ta yi amshi, ba 'yar kallo. In akwai tsohuwa a gidanku da ta san waƙoƙin niƙa ko na daɓe ku faɗa min ni zan zo da kaina da bunna mu sha jabana, wato gahawa, in ɗauka a bakinta, guda bakwai kawai nake da su kuma yaran sun fara gajiya da su. Wanda kuma ya tafi da ƙaramar ƙwaryata ranar Litinin ya dawo da ita, ta aro ce.